Mama, ɗaga ledar sama mu ɗauke ki

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Maganar nan ta kwana biyu tana cin raina, kuma da kaina zan fara kafin in taɓa kowa.

Ran Asabar muna rabon abinci wajen Sabon Tasha a Kaduna, 'yar ƙungiyarmu ta masu bi da ke tallafa wa gwauraye da marayu. Ba wani abu mai yawa ba ne, masara mudu huɗu, kwalbar manja, sai magi. Wata tsohuwa tun da sassafe take kan layi, da aka zo kanta wani saurayinmu ya ɗaga waya ya ce, Mama ɗaga ledar sama ki yi murmushi. Sai kawai ta ja bakin zaninta ta rufe fuska. Ni ke riƙe da bakin buhu a lokacin, ina gani, ban ce uffan ba, aka ɗauka aka sa a Facebook mutane suna ta zuba amin.

To mun ba ta masara, me muka karɓe a hannunta?

A Matiyu 6:3 Ubangiji Yesu ya ce in za ka yi sadaka kada hannunka na hagu ma ya san abin da na dama ke yi, mu kuma har wanda ke Ingila sai ya gani. Na san amsar da za a ba ni, wai masu ba da gudummawa suna son shaida. Gaskiya ne, kuɗin jama'a ba a wasa da shi, manzo Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, a duba 2 Korantiyawa sura 8. Amma shaida ai rasit ne, da littafin shiga da fita, da mutum biyu su sa hannu kafin a ciri ko sisi. A ɗauki hoton buhuna mana. Fuskar gwauruwa ba rasit ba ce.

Sai maganar rubuta sunayen masu karɓa, nan ne ma abin ya fi ciwo. Kun san gunagunin farko da aka rubuta a cikin ikilisiya a kan me aka yi shi? A kan rabon abinci. Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci suka koka cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Manzannin ba su ce ku yi shiru kuna ɓata sunan ikilisiya ba, cewa suka yi a zaɓo mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Don rabon tuwo fa! Kuma duk bakwai ɗin, su Istifanas da Filibus, sunayen Helenawa ne da su, da alama daga ɓangaren masu kukan aka ɗebo su aka danƙa musu ludayin.

Mu a nan Kaduna sai mai biro ya fara da 'yan yarensa, Bajju ya tuna da nasa, Atyap ya tuna da nasa, sai 'yan cocinmu, in akwai saura a tuna da baƙo. Tun rikicin 2000 kogi ya raba mana gari, wasu Kudu wasu Arewa, har zuciya ta saba da haka, amma tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 ba ta tambayi kowa ina yake sujada ba. Matar da ke soya ƙosai a bakin layinmu Musulma ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, sunanta bai taɓa shiga takardarmu ba, ni ma ban taɓa kawo shi ba. Galatiyawa 6:10 ta ce mu kyautata wa kowa da kowa, musamman 'yan'uwa masu bi, mu kuwa sai muka riƙe musamman ɗin muka yar da kowa da kowa.

Na roƙi shugabarmu a rabo na gaba a bar layi, mu bi gida-gida da yamma bibbiyu, waya tana aljihu. Ta ce za ta kawo maganar a mitin. An riga an sauke hoton, gobe in Allah ya kai mu bayan sujada zan nemi gidan Maman nan in ba ta haƙuri, dan Allah ku sa ni a addu'a don ban ma san ta inda zan fara ba.