Ranar da na lulluɓe mota da katifar aurenmu

Wallahi bidiyo ɗaya ne ya ja min duk wannan wahalar. Ƙanina da ke Jos ne ya turo a WhatsApp, ƙanƙara na ta jibgar motoci a Amurka, gilas na tarwatsewa, bodi duk ya lotse kamar tsohuwar langa. Can sai ga wani ya saka wa tasa motar riga mai soso a ciki, wata ma iska ake hura mata ta kumbura, ƙanƙarar in ta faɗo sai dai ta yi tsalle ta koma gefe. A ƙasa ya rubuta "Yaya a kula da Corolla." Sati uku kenan da na sayo ta, tokumbo, ko bashin ban gama biya ba.

Kuma ni tashin Jos ne, na san ƙanƙara, muna yara a kwano muke tsince ta mu tsotsa. Da na shiga intanet na ga wadda ta faɗo a jihar Dakota ta Kudu ta Amurka a 2010 faɗinta santimita 20 ai sai barci ya ƙaurace. Washegari na tafi Ladipo, kasuwar kayan mota ta nan Legas, neman rigar, mai shagon da na nuna wa bidiyon ya kalle ni ya kalli wayar, ya kira maƙwabcinsa su biyu suka yi ta dariya, daga ƙarshe suka miƙo min rigar leda ta kare ƙura. Na ce su riƙe kayansu.

Wata ranar Yuli da la'asar hadari ya haɗo baƙiƙƙirin ta saman Agege, iska na kaɗa kwanon rufi, na ce yau ce ranar. Na shiga ɗaki na kinkimo katifarmu mai inci goma na ɗora a rufin motar, bargo biyu a bonet, tabarma da kwalayen Indomie a gilas, na ɗaure komai tamau da igiyar shanya. Maman Ummi ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu ta ce "Baban Ummi, katifar da Hajiya ta saya min ce fa." Na ce ki bari, gobe za ki gode min.

Malam mai shayi na bakin layinmu, dattijo, shekararsa talatin a Legas, ya leƙo ya ce "Ɗana, ƙanƙara can sama take daskarewa inda ake sanyi, kafin ta iso nan zafi ya narkar da ita. Jos tudu ce, ta haura mita dubu, nan kuwa bakin teku kake." Na ce Baba rigakafi ya fi magani. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da fifita wutarsa.

Ruwa aka kwana ana yi kamar da bakin ƙwarya, mu kuma muna kan siminti, ni na kasa kunne ko zan ji ƙwal ɗaya a kwano, ita ta juya min baya tana tsaki. Ko ƙwara ɗaya ba ta faɗo ba.

Da asuba na fito, gwata ta cika ta batse, ruwa ya shige motar ta ƙasa har kujeru, silifas ɗin Ummi na yawo a ciki kamar kwalekwale. Ni ina ta gadin sama ashe ta ƙasa aka biyo. Katifar kuwa ta sha ta ƙoshi, sai da muka taru mu huɗu har da wani ɗan okada muka sauko da ita, muna saukewa na ga tsakiyar rufin ya lotsa ciki, ruwa ya kwanta a wurin har za ka iya alwala.

Fanel bita, mai gyaran bodin mota, ya zagaya motar sau biyu ya ce oga bishiya ce ta faɗo? Na ce eh kawai, ina zan fara.

Yau kwana tara katifar na jingine a katanga ta ƙi bushewa, sai wari, baban bola ya taya ta sau biyu. Yaran layi kuma in na fito sai ka ji "Mai Ƙanƙara, akwai fiyawata mai sanyi?"