Alherin Alhaji bai kamata ya bi shi kabari ba

Duk wanda ya ce attajiran Bauchi ba sa kyauta bai taɓa bi ta ƙofar gidajensu ana gobe azumi ba. Buhunan gero da sukari jibge, layin mata tun hantsi, ambulan na limamai daban. A zamana na Amurka ban ga masu sakin hannu kamar mutanenmu ba. Inda attajiran Amurka suka sha gabanmu shi ne kyautarsu tana da lissafi, kuma tana ci gaba bayan ran mai ita.

A Amurka, iyali mai hali yakan ware wata dukiya ya mallaka wa gidauniya. Daga ranar ta fita hannunsa da na magadansa. Ana juya ta a hannayen jari, ribar ake kashewa. Doka ta wajabta fitar da kimanin kashi 5 cikin 100 na darajar dukiyar duk shekara, sannan a cike takardar haraji mai suna 990-PF, wadda kowa zai iya buɗewa a intanet ya ga wa aka ba, nawa aka ba shi, har albashin shugabannin. 'Ya'ya da jikoki ke zama a kwamitin amintattu. Ƙungiya ta rubuto buƙatarta, a tantance, a ba ta, ta dawo da rahoto.

An kafa gidauniyar attajirin Amurka Rockefeller a 1913, ta Ford mai kamfanin motoci a 1936. Rockefeller ya mutu a 1937, Henry Ford a 1947, amma a 1967 kuɗinsu ne ya kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan, wadda ingantaccen irinta na wake da masara ya iso gonakinmu. Ko a Bauchi mun ɗanɗana: a 2014 gidauniyar Gates da ta Ɗangote sun ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jiha kan rigakafin yara, ana zuba kuɗi a asusu ɗaya, kason jiha yana ƙaruwa nasu yana raguwa. Ba waliyyai ba ne fa. Akwai rangwamen haraji a ciki, akwai neman suna, kuma sau da yawa wanda bai san hanyar Ningi ba shi ke yanke abin da mutanen Ningi suke buƙata.

Mu kuwa, Alhaji ya haƙa rijiyar burtsatse, an kafe allo da sunansa, an yi addu'a. Famfo ya lalace bayan ya rasu, babu wanda aka ɗora wa gyara. Islamiyyar da yake biyan malamanta daga aljihunsa, ana gama sadakar arba'in aka raba gado, kowane ɗa ya kama gabansa, malamai suka koma bin iyayen yara. Ba laifin 'ya'yan ba ne, haƙƙinsu suka ɗauka.

Abin da ke ci mini rai, muna da wannan tsari tun kafin a san Amurka. Da Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibar, Annabi (SAW) ya shawarce shi ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Wakafi ke nan. Wanda bai yi da ransa ba ma, shari'a ta ba shi damar wasiyya har sulusin dukiyarsa.

Sai dai kada a kwafi na Amurka ido rufe. Yadda naira ke zubewa, kuɗin da aka ajiye a banki zai narke kafin jikoki su girma. Gara shaguna goma a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ko gidan haya, ko gona, a yi musu rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a sa mutum biyu da ba 'yan gida ba cikin masu sa hannu. Kuɗin haya ya tafi albashin malamai da gyaran famfo, duk ƙarshen shekara kuma a karanta lissafi a gaban jama'ar unguwa.