Mai neman jirgin yaƙi ya fara leƙa bakin Volta

Tun da Ministan Kuɗin Gana Cassiel Ato Forson ya karanta kasafin 2026 a watan Nuwamban 2025, ya ce za a sayo wa sojan sama jirage masu saukar ungulu huɗu da wasu jirage biyu, wata magana ta maƙale a bakin mutanenmu ta ƙi fita. A gindin ataya a Nima da Mamobi, a shirin rediyo na kiran waya, a Facebook, tambayar ɗaya ce: ina jiragen yaƙi? Samari suna miƙa wa juna waya, ga F-16 yana tsaga sama, ga Rafale yana juyi, sai a yi tsaki a ce Najeriya tana da jiragen yaƙi, Masar tana da su, mu muna nan da jiragen koyon tuƙi. Na daɗe ina ji ina wucewa, don zancen majalisar shayi ba duka ake amsawa ba. Da na fara jin sa daga bakin masu furfura da masu digiri, sai na ga shirun ya isa.

Na san inda zafin ya samo asali. Ranar 6 ga Agustan 2025 jirgi mai saukar ungulu ƙirar Z-9 na sojan sama ya tashi daga nan Ankara (tamu nake nufi, babban birnin Gana, ba ta Turkiyya ba) zai je Obuwasi, ya faɗi a dajin Adansi da mutum takwas. Cikinsu har da Ministan Tsaro Edward Omane Boamah, da Ministan Muhalli Ibrahim Murtala Muhammed, da Alhaji Muniru Limuna. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amma a koma a duba abin da kwamitin bincike ya faɗa a watan Nuwamba: iska ce mai danna jirgi ƙasa ta riske shi a saman tuddai cikin mummunan yanayi, kuma jirgin ba shi da na'urar da ke gargaɗin matuƙi cewa tudu na gabansa. Abin da ya yi mana giɓi ke nan ranar, na'urar da ba a ganinta a fareti, ba a kuma tafa mata. Ta yaya aka tashi daga wannan darasi aka diro kan jirgin da ya fi sauti gudu?

Jirgin yaƙi irin wanda ake yi wa kwaɗayi an ƙera shi ne don ya kori jirgin wata ƙasa daga sama, ko ya kai bam can cikin ƙasar abokan gaba. To wa za mu kora? Togo? Rigimar iyakar teku da muka yi da Kodebuwa, wadda rijiyoyin mai ke cikinta, kotun teku ta duniya da ke Hamburg ce ta raba ta a Satumban 2017, lauyoyi suka yi yaƙin da takardu. Kodebuwar ma ta taɓa ɗanɗana wannan taƙama. A Nuwamban 2004 jiragenta ƙirar Su-25 suka jefa bam a sansanin Faransawa a Buwake, sojojin Faransa tara suka mutu, kafin gari ya waye Faransa ta ragargaza jiragen suna ajiye a ƙasa. Kuɗin talakawa ya tashi a hayaƙi cikin yini guda.

Mu kuma namu jiragen a takarda suke tashi. A 2015 an rattaba hannu da kamfanin Embraer na Birazil kan Super Tucano biyar. Wa ya gan su? A 2020 majalisa ta amince da L-39NG shida daga Jamhuriyar Cek, a kan kuɗi sama da Yuro miliyan 100. Su ma shiru kake ji. Gwamnatoci biyu, jam'iyyu biyu, don haka kada ɗan lema (NDC) ko ɗan giwa (NPP) ya ɗaga min murya. Waɗannan fa ƙananan jirage ne masu sauƙin riƙo idan aka gwada su da wanda samari ke kallo a waya.

Duk wanda ya taɓa riƙe doki ya san ranar saye ita ce rana mai sauƙi. Washegari dawa da harawa za su fara, da ɗan barga, da magani. Haka jirgin yaƙi yake, sai dai shi dawarsa da Dala ake aunawa. Matuƙi guda sai ya shafe shekaru ana horar da shi, kuma in bai riƙa tashi a kai a kai ba hannunsa zai mutu. Kowace awa a sama tana jawo awoyi na gyara a ƙasa. Safaya daga waje, makamai daga waje, injiniyan kamfani daga waje, na'urar hango jirage da za ta faɗa masa inda zai nufa ita ma daga waje. Ƙasar da ta aske wa 'yan fansho kuɗinsu na takardun lamuni a 2023, ta kuma karɓi rancen Dala biliyan 3 daga Asusun Lamuni na Duniya a Mayun shekarar, ita ake cewa ta ɗaure wannan doki a ƙofar gida don maƙwabta su gani.

Za a ce ai ga wuta a Burkina Faso, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Gaskiya ne, kuma shi ya sa zancen ya fi ba ni haushi. Mutanen da suka yi wa garin Jibo na arewacin Burkina ƙawanya a kan babur suke yawo, biyu-biyu, su saje da 'yan kasuwa, su kwana a ruga. Mali ta karɓi jiragen yaƙi daga Rasha a 2022, Burkina ta sayi jirage marasa matuƙa daga Turkiyya, har yau hanyoyinsu ba su buɗe ba. Kuma wuta daga sama in ba ta da ido a ƙasa, mun ga abin da take yi: Tudun Biri a jihar Kaduna, Disamban 2023, masu Mauludi sama da 80. Wanda zai kare garuruwanmu na kan iyaka irin su Paga da Kulungugu shi ne sojan da mai kayan miya ta yarda ta raɗa masa cewa an ga baƙin fuska a kasuwa. Bayan yadda sojoji suka far wa jama'a a Ejura a 2021 da Ashaiman a 2023, wannan yardar ce ya kamata a sayo, in da ana sayar da ita.

Motoci masu sulke ma ana ta murna da su. A Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta ba mu 105, waɗanda aka kama a jirgin ruwa a hanyar Libiya. Amurka ta ƙaro wasu ƙirar Puma a 2025. Mun gode, kyauta ba ta kaɗan. Sai dai ka je Magazin a Suwame ta Kumasi ka tambayi kowane bakanike yadda gareji yake in an tara masa motoci kowace da ƙirarta, kowace da matatar manta, kowace da tayarta. Adadin da ya kamata ɗan majalisa ya nema daga Barma Kam, hedikwatar sojojinmu, shi ne nawa ne ke tashi in an murza makulli da asubar yau. Wanda aka jera ranar miƙa kyauta, wannan mun gani a talabijin.

Ni a wajena kuɗin ruwa ya kamata su nufa. Ɗauki taswirar Gana ka duba. Gaɓar teku kusan kilomita 550 daga Aflawo zuwa iyakar Kodebuwa. Rijiyoyin man Jubilee suna can cikin teku. Tafkin Volta ya kwanta a tsakiyar ƙasa, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 8,500, yana haɗa Akosombo da Yeji da Buipe, da tsibirai da lungunan da mota ba ta zuwa. A kogunan Pra da Ankobra da Offin da Birim injinan galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, suna shawagi a kan ruwa, suna mayar da abin shanmu kunun laka. Masunta suna kukan 'yan fashin teku da ke ƙwace musu injin kwale-kwale su bar su suna lilo. Da aka saki ruwan madatsar Akosombo a Satumba da Oktoban 2023, Mepe da Battor da Sogakofe suka nutse, dubban mutane suka rasa matsuguni, wa ya kwaso su daga saman rufi? Sojan ruwa da ƙananan jiragensu. A Oktoban 2025 kwale-kwale ya kife kusa da Kete Karachi, mutum 15 suka rasu, yawancinsu yara.

Sojan da zai fito daga ruwa ya hau tudu ya yi aiki, horonsa daban ne, kuma ba ya kyan hoto. Iyo ne da takalmi da bindiga da kaya a baya. Sanin yadda za a diro a gaɓar taɓo ba tare da jirgi ya kafe ba. Tuƙi da dare tsakanin kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun da aka datse kogin a 1965, waɗanda har yau suke fasa cikin jiragen fito. Kwance inji a gyara shi a tsakiyar ruwa. A bakin teku kuma ga igiyar ruwanmu, wadda kafin a gina tashar Takoradi a 1928 da ta Tema a 1962 sai da ƙwararrun masu filafili ake sauke kayan manyan jirage. Muna da makarantar sojan ruwa a Nutekpor kusa da Sogakofe. Mun karɓi atisayen Obangame Express a 2021 da Flintlock a 2023. Amma atisayen baƙi mako biyu ne, a yi hoto, a yi musafaha, kowa ya kama gabansa. Iya ruwa ba ya zama a jiki sai da maimaici, maimaici kuwa mai ne da safaya da alawus, wato layukan kasafin da ake fara yankewa in aljihu ya yi zafi.

Kakana ya yi soja zamanin Turawa, lokacin da Hausa ce harshen bariki, kuma taken rundunar da Hausa yake: Kullum Shiri. Ya kan ce kullum ɗin ita ce mai wuya. Yau jikokinsa ne ke layi don shiga wannan kaki, har aka rasa 'yan mata shida a turmutsitsin filin El-Wak a Nuwamban 2025. Yaran da ke neman aikin da ransu, me za a damƙa musu? Mafi yawan 'ya'yan zango sun tashi kusa da teku amma ba su iya iyo ba, ni ma haka. A koya musu. A ɗebo 'ya'yan masunta daga Ada da Chorkor da Yeji, waɗanda aka haifa da filafili a hannu. A ajiye ƙananan jirage masu gudu a kan tafki da bakin koguna, da man da zai ishe su shekara. Kuɗin jirgin yaƙi ɗaya zai yi wannan har a sami canji.

Kusan kowace damina, wajen Agusta ko Satumba, Burkina kan buɗe madatsar Bagre, ruwa ya gangaro ta Farin Volta ya shanye gonakin masara da shinkafa tun daga Pwalugu har Daboya. Bana ma zai zo. Zan so a faɗa mana jirage nawa za su kasance a bakin kogin kafin ya iso, da sojoji nawa a cikinsu da suka iya fidda mutum daga ruwa da dare.