Ƙuri'ar "ɗan gidanmu ne"

Samari, ku da ke raba dare kuna liƙa fosta, ku matso mu yi magana. Jiya a majalisarmu na tambayi wani ƙanena me ya gani a jikin ɗan takarar da yake neman dambe a kansa. Ya kalle ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Haba Yaya, ai ɗan gidanmu ne, kakarmu ɗaya." Na ce to, me zai yi wa asibitin unguwa? Sai ya sunkuyar da kai yana danna waya.

Amsarsa ta tuna min da Somaliya. Mutanen nan harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, amma yaro tun yana ƙarami yake haddace jerin kakanninsa, kuma da wannan haddar ake siyasa. A zaɓen Maris na 1969 jam'iyyu sama da 60 suka fito, 'yan takara wajen dubu, kujeru 123 kacal. Da yawansu jam'iyyun aljihu ne. Wanda jam'iyya mai mulki, SYL, ta hana tikiti sai ya koma gida, ya tara dangi, a raɗa wa sabuwar jam'iyya suna. Dangi kuwa suka yi masa kara. Ana buɗe majalisa 'yan adawar nan suka kwashe suka koma ɓangaren gwamnatin firaminista Muhammad Ibrahim Egal neman muƙami, aka bar tsohon firaminista Abdirizak Haji Hussein shi kaɗai. Ƙuri'ar da aka bayar don zumunci, da ita suka yi ciniki, kuma babu wanda ya koma ƙauye ya yi shawara da kowa.

Ba a ci talata ba, balle laraba. Ranar 15 ga Oktoban shekarar aka harbe shugaban ƙasar, Sharmarke, a garin Las Anod, ranar 21 shugaban sojoji, Janar Siad Barre, ya ƙwace mulki ya soke jam'iyyu. Shi da ya zo yana tsine wa ƙabilanci, da danginsa ya kewaye kansa har ƙasar ta wargaje a 1991. Daga baya sai da aka koma rabon kujerun majalisa 275 kamar naman watanda: manyan zuriyoyi huɗu kowace 61, sauran ƙanana duka su haɗu a kan 31.

Ban ce ku yanke zumunci ba, Allah Ya kiyaye. Ku je bikinsa, ku je sunan 'ya'yansa. Amma kai ƙanena, kafin ka sake ɗaukar bokitin gam, je ka same shi gaban dattawan gidan naku, ka tambaye shi: in ya ci, a wace jam'iyya za mu same shi bayan wata shida?