Tsuntsun da Ya Kai Ni Gaban Kawu

Ɗan yayana ne ya jawo komai. An tura shi Malesiya karatun kwamfuta, ya dawo da takardar digiri da kuma kwalin takalmi shaƙe da katuna masu zane-zane. Sunan wasan Magic: The Gathering. Wani Ba'amurke masanin lissafi, Richard Garfield, ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fito da shi a 1993, shekarar da aka soke zaɓen Abiola, lokacin ina yaron shago a Kantin Kwari ina naɗe atamfa ana ranƙwashina a ka. Yaron ya ce, "Baffa, kai da kake son lissafi, wannan ya fi maka lido." Da wannan zugar aka kama ni.

Tsarin ba shi da wuya a baki. Mutum biyu, kowa da rai 20 da tarin kati 60, a ɗebi bakwai a hannu. Kusan babu katin da ake saukewa a banza sai katin ƙasa. Sauran kowanne da farashinsa a kusurwar sama, ana biya da abin da suke kira mana, wato kuɗin wasan, mai launi biyar: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Katin ƙasa ne ke ba da shi. Ka karkata katin ya ba ka ɗaya, zagaye na gaba ka miƙar da shi ya sake bayarwa. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙasa ɗaya tak ake yarda ka sauke a kowane zagaye. Komai arzikin hannunka, sai ka bi layi.

To mutumin da ya tashi a Kwari ba ya son layi. Ina cikin birkita kwalin sai na ci karo da wani koren kati, Birds of Paradise, mai hoton tsuntsu. Farashinsa mana ɗaya. Ƙarfin dukansa sifili, jurewarsa ɗaya, yana tashi sama. Amma in ka karkata shi sai ya ba ka mana ɗaya na duk launin da ka ga dama. Nan take na gane shi, yaron shago ne. Ba shi da ko sisi nasa, ba ya iya faɗa, ranar da ka kawo shi ma kallo kawai yake, don dokar wasan ba ta bari a karkata halitta a zagayen da ta sauka. Amma da gari ya waye kana sallamar mutum uku, maƙwabcinka na fama da biyu. Lissafin a fili yake: zagayen farko ƙasa da tsuntsu, na biyu ƙasa biyu da tsuntsu, mana uku ke nan, alhali na gabanka yana riƙe da biyu yana zare ido. Ka riga shi da taku ɗaya tun ba a zauna da kyau ba.

Yaron ya so ya hana ni. Ya zaro wani katin, Llanowar Elves, ya ce shi ma tun 1993 yake, shi ma mana ɗaya ne, shi ma yana ba da ɗaya, sai dai kore kawai, amma yana da ƙarfin duka ɗaya. "Baffa, tarinka kore ne zalla, ko ɗigon wani launi babu. Me za ka yi da launi biyar? Wannan aƙalla in ya gama aiki zai iya kai mari. Kuma ina da su birjik, kyauta zan ba ka."

Kalmar kyauta ce ta sa na ƙi. A sana'armu abin da aka ce maka ɗauka kawai, ka duba shi sau biyu. Na ce tsuntsu nake so, kuma guda huɗu, tunda huɗu ne iyakar abin da doka ta yarda ka sa na kati iri ɗaya, in ban da katunan ƙasa na yau da kullum. Ya ce tsuntsu ba na kyauta ba ne. Muka yi ciniki irin na gaske, da tashi da dawowa da "albarka", har muka daidaita a kan hulata zanna bukar, ɗinkin hannu, wadda sau ɗaya na sa ta ranar Sallah. Don in samar wa tsuntsaye da manyan dodannina wuri, na rage katunan ƙasa daga 24 da ya tsara mini zuwa 18. Ya buɗe baki zai yi magana, na tuna masa wa ya yanka ragon sunansa.

Muka fara zama a zaure bayan isha'i. A nan na san wani jan kati, Lightning Bolt, wato tsawa: mana ɗaya, duka uku, a kan halitta ko a kan ɗan wasa. Tsuntsu mai jurewa ɗaya ake saukar wa duka uku, ka ji rashin imani. Ashe masu wasan can ƙasashen waje har ka'ida suka mayar da shi, cewa da ka ga tsuntsu ka sakar masa tsawa. Yaron nan bai taɓa saɓa ka'idar ba. Ina sauke tsuntsu, kafin in gyara zama, ya karkata jar ƙasarsa yana cewa "Yi haƙuri, Baffa", da murya irin ta ta'aziyya.

Daren da abin ya ɓaci, hannuna ya zo da ƙasa ɗaya, tsuntsu biyu, sauran huɗun duk dodanni ne, ciki har da Colossal Dreadmaw mai farashin mana shida. Ana iya mayar da irin wannan hannu a sake ɗiba da ragin kati ɗaya, amma ni ba na mayar da kaya. Na sauke tsuntsu, tsawa. Na jawo kati, ba ƙasa ba. Na sauke na biyu, tsawa. Daga nan na zauna da ƙasa ɗaya tilo ina jawo dodo bayan dodo, yaro yana ta aiko mini da ƙananan halittunsa suna yagar raina. Ban san lokacin da murya ta ɗaga ba.

"Ka kashe min tsuntsu biyu! Ga su can a maƙabarta! Da me kake so in kira dodon? Saura raina uku!"

Maƙabarta sunan wurin da ake ajiye katin da ya mutu ne, gefen tabarma kawai. Amma uwargida, da ke tsaye bayan ƙyaure da fulas ɗin shayi, ba ta da wannan bayanin. Abin da take da shi shi ne: maigida ya daina hira, hular Sallah ta ɓace, ana kiran dodo a zaure da tsakar dare, kuma shekaranjiya ta tsinci wani kati a aljihun rigata mai hoton ƙoƙon kan mutum. Alamar baƙin mana ce, aro na yi don in duba. Fulas ɗin bai iso ba. Na ɗauka ma sukari ne ya ƙare.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka ce Hajiya tana nemana a gida. Ina shiga na ga takalma a ƙofar ɗaki fiye da na gaisuwa. Hajiya a bakin gado, uwargida a gefe ta ja mayafi har hanci, yayana, ɗansa a rakuɓe sanye da hulata, sai Kawu, ƙanen Hajiya, wanda ya tsufa a kasuwar goro ta Mariri kuma ba a kiransa sai magana ta gagari kowa. A tsakiyar ɗaki ga faifai, a kan faifan ga katin ƙoƙon kai da tsuntsayena.

Hajiya ba ta kalle ni ba, ba ta kuma ambaci sunana ba. Ta ce wa Kawu, "Tambaye shi, me ya rasa a duniya?"

Na yi bayani iya bayani. Takarda ce, bugun inji, har da lambar kamfani a ƙasa. Kawu ya ɗaga katin ya duba bayansa, ya shinshina, ya kankare gefensa da farce.

"Ana sa kuɗi?"

"Ko kwabo, Kawu."

A nan ne ɗan boko ya ga damar nuna karatu. "Gaskiya dai, Kaka, a dokar farko ta 1993 kowa yakan ajiye kati ɗaya, wanda ya ci ya kwashe. Daga baya ne aka daina." Salati ya tashi daga ɓangaren mata. Na miƙa ƙafa ta ƙarƙashin riga na taka masa yatsa, ya ƙara da cewa, "Amma an daina, wallahi an daina, an ma hana a gasa."

Kawu ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ɗauki tsuntsu ɗaya, ya gyara tabarau.

"Wannan ne na hular?"

"Su huɗu ne, Kawu."

"Yana duka?"

"A'a."

"Yana jure duka?"

"Ba sosai ba."

"To me yake yi?"

Na gyara zama, don an zo fagena. Na jera masa lissafin zagaye na biyu, mana uku a kan biyu. Na nuna masa cewa wanda ya haɗa launi biyu ko uku a tarinsa, tsuntsu ne ke cike masa giɓin launin da ƙasa ba ta kawo ba. Kawu ya gyaɗa kai, har na fara jin daɗi.

"Kai launi nawa ka haɗa?"

Ɗan yayana ya amsa mini, ba tare da an tambaye shi ba.

"To," in ji Kawu. "Idan ya zo maka a farko, na ji. Idan kuma wasa ya yi nisa, kana da ƙasa bakwai, hannunka wayam, kana addu'ar abin da zai cece ka, sai ka jawo wannan fa?"

Na ce yana iya tare wanda ya taso ta sama.

"Ya tare ya rayu?"

"Ya tare dai."

"Wato ka ɗauki yaro bayan an tashi kasuwa." Ya ajiye katin. "Ita ƙasar, tsawar tana kashe ta?"

Yaron ya ce a'a, tsawa ba ta taɓa ƙasa. Akwai ma wani farin kati mai mana huɗu da ke share duk halittun da ke fili, tsuntsaye da dodanni gaba ɗaya, ƙasa kuwa ko gezau. Ya kuma faɗi maganar 24 da 18, wadda ba ta cikin abin da aka tara mu a kai.

Ni ma ina da hujja, kuma har gobe ina kanta. Tsawa huɗu ce kawai a tarinsa. Duk wadda ya ƙona a kan tsuntsu, ba za ta sauka a kan wata halittar da ta fi tsada ba, ba kuma za ta sauka a kaina ba in raina ya yi ƙasa. Kati ɗaya ya tafi da kati ɗaya, mana ɗaya da mana ɗaya, ba wanda ya ci riba. Kuma ranar da bai zo da tsawa a hannu ba, kafin ya farga dodona ya sauka ya taka shi. Abin da ya faru daren nan cakuɗa ce ba ta yi kyau ba, kuma shi ya cakuɗa. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ɓare goro, ya ce maganar tsawa huɗu tana da ma'ana. Wannan jimlar na riƙe, sauran na bar masa.

Hajiya ta gaji. Ita dai ta fahimci ba tsafi ba ne, wauta ce, kuma ta nuna wautar ta fi mata sauƙi. Hukunci ya fito: katin ƙoƙon kai ba zai sake kwana a gidan jikokinta ba, ba a sake cewa "raina" sai dai "makina", kuma ƙarfe goma a rufe zaure. Batun hula Kawu ya ce ciniki ya faɗa, amma tunda akwai ƙorafi, zai riƙe ta amana har a sasanta. Ya cire ta daga kan yaron ya gwada. Ta zauna masa daram.

Sannan ya ce ba zai iya tabbatar wa yayarsa cewa babu ɓarna a wasan ba sai ya gani da idonsa. Washegari da daddare sai ga adaidaita sahu ta sauke shi a ƙofar gidana, da hular amana a kansa. Aka baje masa launuka biyar ya zaɓa. Bai ko kalli sauran ba, ya ce a ba shi mai tsawar.

Dattijon da ba ya karanta Turanci, hotuna kawai ya haddace, amma ya san ya bar jar ƙasa ɗaya a miƙe ya zuba mini ido ta saman tabarau. Hannuna ya zo da kyau a daren: ƙasa uku, tsuntsu, dodanni. Na sauke ƙasa, na ce na gama.

"Ba ka da shi ne, ɗan nan?"

"Ina da abin da nake da shi, Kawu."

"Sauke shi mu gaisa."

Na ƙi. Zagaye na biyu na ƙi, na uku na ƙi. Ya gaji da jira ya fara sakar mini tsawar a ka, uku-uku, yana taunar goro, uwargida na leƙe ta taga tana ƙirga masa makin da ya rage. Sai da na ƙirga tsawa ta huɗu ta wuce sannan na sauke tsuntsuna a tsakiyar tabarma, lafiya lau, ba mai iya taɓa shi. Zagaye biyu bayan haka Kawu ya cinye ni. Na sa ɗan yayana ya faɗa da ƙarfi, yadda na cikin gida za su ji, cewa har aka tashi wasa tsuntsun yana raye.