Agogon da ya ce Baba lafiyarsa ƙalau

Kafin azumin da ya wuce na sayo wa mahaifina agogon hannu irin wanda ake haɗawa da waya, a wani shago da ke Birnin Kebbi, saboda an rubuta a kwalinsa cewa yana auna hawan jini da bugun zuciya, har da sukarin jini ba tare da an huda yatsa ba. Baba ya daɗe yana fama da ciwon suga, ya gaji da sukar allura, don haka da agogon ya riƙa nuna masa lamba mai kyau kowace safiya, sai ya jefa na'urar gwajinsa cikin akwati, ya rage shan magani ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ranar da jiri ya kayar da shi a ƙofar masallaci, agogon yana hannunsa yana cewa komai daidai. Don takaici na ɗaura shi a kwalbar ruwa, ita ma ya samo mata bugun zuciya!

Mai shagon ya ce mini: "Haba Malam, ni ma saro shi na yi, kuma ni ba likita ba ne." Kwalin ba ya ɗauke da adireshin kamfani, ba lambar rajista, ba wanda za a kira.

To, wuyan wa za mu kama? NAFDAC ce ke da alhakin rajistar kayan aikin lafiya, amma wannan kaya yana shigowa da sunan agogo, ana sayar da shi da sunan gwajin asibiti. Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mu 'yancin mayar da kaya mai aibi, sai dai mayar da kuɗin agogo ba zai biya kwanakin da Baba ya yi a gadon asibiti ba. Ga manhajar agogon da ke cikin waya, wadda ta karɓi sunansa da shekarunsa da nauyinsa, kuma duk da dokar kare bayanai ta 2023, ba mu san hannun da suka faɗa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tun a Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe mai auna suga ba tare da huda fata ba. Tarayyar Turai kuma a 2024 ta sabunta dokarta ta diyyar kaya masu aibi har manhaja ta zama kaya da ake iya neman diyya a kansa. Mu a nan, jiya na bi ta gaban shagon, na tarar an jera sababbi guda shida a gilashi, wata dattijuwa tana taya ɗaya.