Ragamar Damisa

Tun daren da ɓarayi suka haura katangar gidanmu a Jos suka yi awon gaba da janareta, na yanke shawarar cewa sai na ajiye kare. Na je wajen wani mai kiwon karnuka a Bukuru na sayo kwikwiyo irin na Jamus ɗin nan da 'yan sanda suke aiki da su, na kawo shi gida a cikin kwalin sabulu, yara suka raɗa masa suna Damisa. Bayan wata 14, da aka ɗora shi a kan sikeli a asibitin dabbobi, sai ga shi da kilo 36, alhali ni da nake ciyar da shi ban taɓa wuce kilo 61 ba tun da na san kaina.

Likitan ya ce haushin da yake yi har asuba da tonon shukokin uwargida duk zaman wuri ɗaya ne ya jawo su, saboda haka in riƙa fita da shi kowace safiya. Na sayi abin wuya na fata da igiya mai ƙwari, muka fita. Ba zan iya cewa na fita da Damisa yawo ba, domin duk wanda ya gan mu ya san wanda ya fito da wani. Yana gaba yana tari saboda shaƙewa, ina baya ina sassarfa, hulata a hannu, takalmina ɗaya yana neman rabuwa da ni. A rana ta uku mai shayin bakin layinmu ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ina kuma zai kai ka yau da sassafen nan?" Masu shan shayi suka kwashe da dariya, ni kuwa ban samu damar amsawa ba, domin kafin in buɗe baki mun riga mun wuce kwana.

Da farko na yi zaton wuyansa ne matsalar, sai na sayo ɗamarar nan da ake sa wa kare a ƙirji, wadda igiya take kamawa ta gadon baya. Abin da na yi ke nan tamkar na ɗaura wa bijimi garma. Tari ya tsaya, amma ƙarfin da a da yake ja da wuya kawai, yanzu da ƙirji da kafaɗu yake yin sa cikin jin daɗi, har na fara jin ciwo a kafaɗar dama idan zan ɗaga hannu in yi kabbara.

Na koma wurin likita na kai ƙara. Ya saurare ni, sannan ya tambaye ni ko na taɓa riƙe doki. Na ce a gidan doki na tashi, kakana a Azare ba ya rasa hawan salla, kuma ni nake kai dokinsa shan ruwa tun ina ɗan shekara 9. Ya ce, "To, Malam, da igiyar wuya kake jan sa?" Nan take kunya ta kama ni, domin yaro ƙarami ma ya san cewa ragama ake sa wa doki, akala kuma ake sa wa raƙumi, kuma inda kai ya juya nan gangar jiki take bi. Ya bayyana mini cewa kare idan ya ji an ja shi baya, ɗabi'arsa ce ya ƙara turawa gaba, shi ya sa duk ƙoƙarina ya zama kamar ƙara wa wuta fetur. Ya ce akwai ragamar kare, madauri ɗaya yana zagaya hanci da baki, ɗaya yana bi ta bayan kunnuwa, igiya kuma tana kama wani zobe a ƙarƙashin haɓa, ta yadda idan ya zabura sai kansa ya juyo wajen mai riƙe da shi.

Da na bincika a intanet na tarar cewa Turawa sun daɗe da wannan dabara. Akwai Halti da Roger Mugford ya ƙirƙira a Ingila, akwai Gentle Leader da wani likitan dabbobi, R. K. Anderson, da Ruth Foster suka fito da ita a Amurka a shekarun 1980, akwai kuma wata mai siffar lamba 8 wadda igiyarta take fitowa ta ƙeya. Abin ya ɗan ɓata mini rai, ganin cewa abin da kakana yake tufkawa da hannunsa a zaure shi ne zan saya da kuɗi masu ciwo a cikin leda.

Kowace iri tana da lambobin girma, kuma an ce a auna kewayen bakin kare da na wuyansa kafin a zaɓa. Na ari tef ɗin ɗinkin uwargida ba tare da saninta ba, na durƙusa a gaban Damisa, shi kuwa ya ɗauka sabon wasa na kawo masa. Kafin in karanta lamba ɗaya ya tauna tef ɗin har inci 20. Da na isa shagon kayan dabbobi mai shago ya tambaye ni awo, sai na ce ya ba ni mafi girma, domin a ganina kare irin nawa bai kamata a haɗa shi da matsakaici ba. Takardar bayanin da take cikin ledar kuwa a hanya na yar da ita, ina cewa wanda ya sa wa doki ragama ba ya bukatar Bature ya koya masa.

Ranar Asabar na shirya cikin farar shadda, da niyyar mu zaga sau ɗaya in wuce ɗaurin aure. Na danne Damisa na zura masa ragamar a tashi ɗaya. Ya tsaya cak kamar wanda aka yi wa asiri, sannan ya fara kai wa fuskarsa ƙafa, ya goga hanci a ƙasa, ya birkice a tsakar gida yana kuka irin na wanda aka zalunta. Na lallaɓa shi muka fita, kuma gaskiya taku 30 na farko sun yi daɗi, har na rage sauri a gaban mai shayi domin kowa ya gani da idonsa.

A daidai nan wata akuya ta tsallaka titi. Damisa ya zabura, ragama ta juyo da kansa kamar yadda aka yi alkawari, na ji daɗi na turje da dukan ƙarfina. Shi kuwa sai ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya zare fuskarsa daga madaurin nan mai faɗi kamar yadda mutum yake cire hula. Ashe akwai wata 'yar ƙugiya da ake maƙalawa a abin wuya domin irin wannan rana, wadda na ɗauka ado ce. Ƙarfin da na tara bai samu abin riƙewa ba, na tafi da baya na zauna daram a cikin kwata, ragama a hannuna babu kare a ciki. Mai shayi ya zo ya miƙo mini hannu ya ce, "Sannu Malam, yau kuma bai tafi da kai ba?" Ban je ɗaurin auren ba, kuma sai da na ba mai akuya haƙuri har gida, duk da cewa Damisa bai ko taɓa ta ba, ita ce ma ta tunkuye shi.

Litinin na koma wurin likita da ragamar da wanda aka saya dominsa. Ya auna shi cikin minti 2, ya ce lamba biyu na tsallake. Da na canzo, ya nuna mini cewa madaurin wuya sama yake zama dab da bayan kunnuwa, a matse yadda yatsa ɗaya kawai zai shiga, na hanci kuma ya yi sakin da kare zai iya haki da shan ruwa amma ba zai zame ba. Ya gargaɗe ni kada in taɓa fizgar igiya, domin wuya yana iya murɗewa. Ya ce a sa masa ita na 'yan daƙiƙu a cikin gida ana ba shi abin daɗi, kullum ana ƙara lokaci. Na ce tsire zan riƙa ba shi, ya ce albasa guba ce ga kare, in dafa masa hanta. Kwana 12 na yi ina tsugune a tsakar gida ina miƙa hanta ta cikin madauri, uwargida tana tsaye tana lissafin abin da ya rage na miya da kuɗin tef ɗinta.

Yanzu Damisa yana tafiya a gefena, igiya a sake, kafaɗata kuma ta warke. Sai dai mutanen unguwa sun ɗauka takunkumi ne, labari ya bazu cewa karen Malam ya fara cizo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina bayani cewa da ragamar a fuskarsa yana ci yana sha yana hamma, kuma bai taɓa cizon kowa ba. Na yi wa mai shayi bayani, na yi wa liman, na yi wa masu kawo ruwa. Mutum ɗaya ne ban samu sukunin yi wa ba, wato wani ƙanen uwargida da ya saba zuwa neman rance kowane ƙarshen wata, wanda yau wata uku ke nan yana aiko da gaisuwa ta waya.